Wace Kaza Ya Kamata Sabon Mai Kiwo Ya Shiga Hunturu Da Ita?

Daga tsakiyar Oktoba masu sayar da 'yan tsaki ke fara ganin sababbin fuskoki. Lissafin a fili yake: kazar nama tana isa yanka cikin mako shida zuwa bakwai, Kirsimeti da sabuwar shekara na tafe, kuma a Kaduna da Jos da Abuja da Sabon Garin Kano kaza kan yi daraja a ƙarshen Disamba. Yanzu ma abin ya ƙaru, tunda azumi ya gangaro cikin Fabrairu, ƙaramar Sallah tana faɗowa cikin Maris, wajen 20 ga wata a 2026, wajen 10 ga wata a 2027. Duk wanda ya ƙirga mako bakwai baya daga nan zai ga cikin Janairu zai ɗauko 'yan tsakinsa, lokacin da ɗari ke kan ganiyarsa. Ga wanda ya daɗe a harkar wannan ba wani abu ba ne. Ga wanda bai taɓa ajiye kaza a bayan ɗakinsa ba, a nan jari ke nutsewa, sai a ɗora wa sanyi laifi a shafa fatiha.

Sanyin yana da nasa laifin, amma ba shi kaɗai ba ne. Zafin jikin kaza kusan digiri 41 ne a ma'aunin Selsiyus, ya ɗara na mutum da huɗu, ga rigar gashi da take hurawa ta riƙe ɗumi a ciki. A Kanada da Rasha ana kiwon kaji a bayan gida a wuraren da ruwan shansu ke daskarewa ya zama ƙanƙara, kuma suna fita lafiya muddin ɗakinsu a bushe yake, iska ba ta dukansu kai tsaye. Namu ɗarin bai kai nan ba. A Kano da asubar Janairu ma'auni kan sauka wajen 12 ko 13, wani daren ya taɓa 10, a kan tsaunukan Jos ya fi haka sauka, da rana kuma ya sake haurawa kusa da 30. Babbar kaza mai cikakken gashi, wadda ta kwana da abinci a ciki, wannan ba ya kashe ta. Masu kashe kaji a hunturu su uku ne: ɗan tsakon da bai yi gashi ba ya kwana babu ɗumi, annobar da ke zuwa tare da iskar, sai ɗakin da aka toshe don tsoron sanyi har numfashi ya gagara. Da waɗannan ukun ya kamata a auna kowane zaɓi.

Kajin Hausa da na gidan gona

Kazar Hausa ita ce 'yar gida. Tana tona abincinta, tana hawa katanga ko reshe ta kwana, tana gane inuwar shirwa tun daga nesa, kuma babban abin da ta fi kowa da shi a wannan lokaci shi ne kwanci. Ta zauna kan ƙwai kwana 21 ta ƙyanƙyashe, sannan ta rufe 'ya'yanta da fukafukai dare da asuba, ba ka sayi gawayi ba, ba ka tashi cikin dare ba. Sai dai abin da take bayarwa kaɗan ne. Ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, cikin zubi uku ko huɗu, ba ta fara yi sai ta kai wata shida ko fiye, kuma nauyinta da wuya ya wuce kilo ɗaya da rabi. Wanda ke neman kuɗin Sallah cikin wata biyu ba hanyarsa ba ke nan.

Akwai kuma zancen da ake yawan yi cewa kazar Hausa ba ta ciwo. Tana jure yunwa da zafi da ƙananan cututtuka fiye da 'yan'uwanta na gidan gona, wannan gaskiya ne, amma in annobar kaji ta shigo unguwa ita ce a sahun gaba, domin ita ce mai yawo. Ta tsallaka gidan maƙwabci, ta sha a kwata, ta tona a bola inda aka jefar da mushen wata, ta dawo gida da magariba. Sannan uwa mai 'ya'ya ba ta san awa ba. Da gari ya waye za ta ja su waje cikin iskar asuba, su bi ta suna kuka, kafin wata biyu rabinsu sun tafi, wasu sanyi, wasu shirwa da muzuru. Maganin wannan ba ya cin kuɗi: a kife ta da kwando mai faɗi ko a bar ta cikin akurki har hantsi ya ɗaga, a zuba musu tsaki da dusa da ɗan gara, a ajiye ruwa a abin da ba shi da zurfi. In za ka zaɓa a cikinsu, masu kwantaccen gashi mai kauri sun fi dacewa da ɗari. Shazumama da mai tsiraicin wuya halittar zafi ce, a bazara suke more rayuwa.

Buroila kuwa, wato kazar nama ta gidan gona, kishiyarta ce ta kowace fuska. Irin su Cobb da Ross da Arbor Acres an ƙera su ne don abu ɗaya, su mai da abinci nama da sauri. Cikin mako shida zuwa bakwai kowace tana kai kilo biyu, bayan ta cinye wajen kilo huɗu na abinci. Katan ɗaya na 'yan tsaki 50 ke nan zai ci kusan buhu takwas masu kilo 25, kuma mafi yawan buhunan a makonni uku na ƙarshe za su tafi, daidai lokacin da aljihun sabon mai kiwo ya fara ƙara. Ba ta yafe kuskure. Ɗan tsakon buroila da ya sha sanyi a makon farko ko bai mutu ba ya tsumbure, sai ka ga garke ɗaya, kwana ɗaya, amma wasu sun ninka wasu. Wasu kuma sai a mako na huɗu ko na biyar abin zai fito, ciki ya kumbura da ruwa, kaza tana tafiya da ƙyar. Wannan ciwon ruwan ciki yana da alaƙa da sanyin da suka sha suna ƙanana da ƙarancin iska mai kyau, kuma ya fi yawa a wurare masu tudu irin Jos, da ke sama da mita 1,200 daga teku.

Amma a yi mata adalci. Buroila in ta girma sanyi take so, wajen digiri 20 ne ta fi cin abinci da yin ƙiba. Shi ya sa tsofaffin masu kiwo ba sa gudun hunturu, wahalarsa ta mako uku ce, daga nan sai sauƙi. Abin tambaya kawai shi ne ko kana da idon da zai tsare waɗannan makonni ukun.

Masu ƙwai, irin ISA Brown ko Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta fitar a 2000, tafiya ce mai nisa. Daga ɗan tsako zuwa ƙwan farko mako 18 zuwa 20 ne, kana ciyarwa ba ka karɓa. In ta fara kuwa, mai kyau a cikinsu tana ba da ƙwai sama da 250 a shekara, a kan abinci gram 110 zuwa 120 kullum. Kaji 20 za su gama buhu cikin kwana 11. Ba a haɗa musu da tuwon jiya a ce an yi tsimi, ƙwan ne zai ragu nan take. Da hunturu suna da wata buƙata da mutane ke mantawa: haske. Mai ƙwai tana son awa 14 zuwa 16 na haske, ranar Disamba kuma a Kano awa 11 ce da ɗan ɗoriya. Ƙaramar fitilar sola da za ta ci awa uku bayan magariba ta wadatar, tunda haske ake nema ba zafi ba. Wanda ke son wannan layin a karon farko, ya sayi sagarun da ke gab da fara ƙwai daga gonar da ya sani. Ya duba baki da ƙafa: sagara nata rawaya ne shar, tsohuwar da ta gama zuba ƙwai kuwa sun koɗe sun yi fari. Ana sayar da tsofaffi da sunan sagaru, kuma sabon shiga ake nema da su.

Tsakanin waɗannan akwai masu raba ƙafa, nama da ƙwai. Noila ce aka fi sani, wadda kamfanin Amo da ke Awe a jihar Oyo ya fito da ita a 2014, sai danginta irin Kuroiler ta Indiya, Sasso ta Faransa, da FUNAAB Alpha ta jami'ar noma da ke Abeokuta. A kasuwa sau da yawa duk maja ake ce musu. Launinsu kala-kala ne irin na kajin Hausa, namansu ya fi na buroila tauri, don haka uwargida ba ta raina su a tukunya. Zakaran yana wuce kilo biyu cikin wata uku zuwa huɗu, macen tana yin ƙwai wajen 150 a shekara in ana kula da cikinta. Bayan wata ɗaya na farko a kan abincin buhu, suna karɓar dusa da ragowar abinci da ganyen zogale da alayyafo, in dai ana ɗan haɗa musu da na buhun. Aibinsu biyu ne. Ba kasafai suke kwanci ba, sai dai ka sa wa kazar Hausa ƙwansu, kuma 'ya'yan da za su fito ba sa kai iyayen. Na biyu, juriyar da ake yabonsu da ita ta manya ce. Ɗan tsakon Noila mai kwana ɗaya, sanyi yana kashe shi kamar yadda yake kashe na buroila, babu bambanci.

Kwana ɗaya, mako biyar, ko babba daga kasuwa

A ganina nan ne ainihin zaɓin yake, ya fi zaɓin iri muhimmanci. Ɗan tsako ba ya iya riƙe zafin jikinsa da kansa sai ya yi kusan mako biyu, gashinsa kuma ba ya cika sai mako biyar zuwa shida. A makon farko yana buƙatar digiri 32 zuwa 35 a daidai inda yake tsaye, ana rage kusan uku duk mako. Ka ɗora wannan a kan asubar Kano mai digiri 12: ratar digiri 20 ce za ka cike da wuta, kowane dare, ba fashi. Da rana kuma, in ɗakin na kwano ne, sai ka janye wutar don kada su gasu. Wannan hawa da sauka shi ne wahalar hunturunmu, kuma shi ne abin da littattafan kiwo na ƙasashen ƙanƙara ba su damu da shi ba.

Ga kuma tafiya. Mafi yawan manyan kamfanonin ƙyanƙyasa suna Ibadan da kewayenta, 'yan tsakin kan kwana a mota kafin su iso arewa da safe, a gajiye, da ƙishirwa. In suka tarar da ɗaki mai sanyi, an fara da asara. Ɗakin ana hura masa wuta ne awanni kafin su iso, har shimfiɗar ƙasa ta ɗumama, a fara ba su ruwa mai ɗan ɗumi da gulukos kafin abinci.

Wanda aka raina har mako huɗu ko biyar ya fi tsada, wani lokaci ninkin ba ninkin, kuma wannan ne ke korar mutane. Amma a zauna a yi lissafi. A cikin kuɗin akwai abincin wata guda, akwai gawayi, akwai rigakafin cutar Gumboro da kuma Lasota, wato rigakafin annobar kaji, da aka saba juyawa mako-mako sau biyu kowanne, akwai waɗanda suka mutu a hannun mai rainon ba a hannunka ba, akwai kuma barcinka. Kamfanin da ya fitar da Noila ma a kan haka ya tsara harkar tun farko: masu raino su riƙe su mako biyar, sannan su shiga gidaje. Abin da za ka tsaya a kai shi ne ka je inda aka raine su ka gani da idonka. Ka tambayi ranar da aka ba su kowane rigakafi. Mai raino na gaskiya yana da takarda ko littafi, ko aƙalla zai faɗa maka ranakun ba tare da inda-inda ba. Ka dubi kashinsu a ƙasa, ka saurari ɗakin ko akwai masu atishawa da kakari.

Hanya ta uku ita ce mafi jan hankali kuma mafi haɗari: ka shiga kasuwar ƙauye ranar cinta cikin Disamba, ka ga manyan kaji da araha, ka kwaso biyar. Dalilin arahar sau da yawa shi ne an wayi gari a wani gida kaji biyu sun mutu, maigida ya tattara sauran ya nufi kasuwa kafin su bi sahu. Cutar tana ɗaukar kwana biyu zuwa 15 a jiki kafin ta bayyana, galibi biyar ko shida, don haka kazar da ka ɗaga ka ji nauyinta, idonta garau, tana iya zama ita ce ajalin duk na gidanka. Araha ba ta ado. In dole sai manya, a saya a gidan da aka sani, a keɓe su mako biyu nesa da sauran, da kwanon ruwansu daban. Haka ma kazar da aka kawo kyauta daga ƙauye, komai girman wanda ya aiko ta.

Wutar da za ta kai su safiya

Wanda ya nace sai 'yan kwana ɗaya, to ya zaɓi wuta. Ƙwan lantarki ya fi tsabta da sauƙi, amma sai tsohon yayi mai zafi, na wat 100 ko 200, ko jan nan na musamman mai wat 250. Fararen ƙwayaye masu tsimin wuta da suka cika kasuwa yanzu haske kawai suke bayarwa. Matsalarsa kowa ya san ta: a ɗauke wuta ƙarfe biyu na dare kana barci, kafin kiran sallar farko sun hau kan juna a kusurwa, na ƙasan sun mutu. Kada lantarki ya zama shi kaɗai ne abin dogaro. Gas yana riƙe zafi daidai wa daida har safe, amma kuɗin kayansa ya fi ƙarfin mai kaji 50. Risho da fitilar kananzir suna yi wa 'yan kaɗan, sai dai tsadar mai da hayaƙi da saurin tashin gobara in aka ture su.

Gawayi ne dai abokin tafiyar mafi yawan mutane, kuma yana aiki in an bi shi da ladabi. A hura shi a waje har hayaƙin ya ƙare ya yi jawur, sannan a shigo da shi cikin kasko ko tukunyar ƙasa, a ɗora kan bulo, a kewaye da raga don kada ɗan tsako ya faɗa ko garwashi ya sauka kan ɓuntu. Yana fitar da iskar guba da ba ta da wari, mai kashe kaji da mutum baki ɗaya, don haka dole a bar kafa a sama, kuma kada yaro ya kwana a ɗakin da sunan gadi. Zubi ɗaya ba ya kai safe. Wanda ya zaɓi gawayi ya zaɓi tashi tsakar dare, ya san da wannan tun kafin ya biya kuɗin katan.

In ka shiga da tocila wajen ƙarfe uku, kajin ne za su gaya maka halin da ake ciki. In sun dunƙule a gindin kaskon suna tsuwa mai ƙarfi, sanyi suke ji. In sun gudu jikin bango, baki a buɗe, fukafukai a sake, zafi ya yi yawa. In duk sun koma ɓangare ɗaya, akwai kafar da iska ke shigowa ta ɗaya ɓangaren, nemo ta. In kuwa sun bazu ko'ina, wasu na barci sun miƙe wuya, wasu na tsattsagar abinci da ƙaramar murya, koma ka kwanta. Ka ɗauki ɗaya ka taɓa tafin ƙafarsa a wuyanka. In ka ji sanyi, ƙasan ce ba ta ɗumama ba, a ƙara kaurin shimfiɗa.

Ɗakin kansa, ko na ƙanana ne ko na manya, ƙa'idarsa ɗaya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka waɗannan ɓangarori biyu ake rufewa da buhu ko tampol ko zana tun daga ƙasa, a bar tazarar tafin hannu a sama ta kudu ko yamma. Kuskuren da aka fi yi shi ne a naɗe ɗakin da leda ruf, ko'ina a liƙe. Kashin kaji yana fitar da iska mai yaji, numfashinsu yana fitar da laima, in babu mafita sai ido ya kumbura, mura ta kama su, shimfiɗa ta jiƙe, kashin jini ya biyo baya. Gwajin mai sauƙi ne: da sassafe ka durƙusa ka kai fuskarka daidai tsayin kaza. In idonka ya yi yaji, ɗakin ya toshe da yawa. Ɓuntun shinkafa ko sassaƙen katako mai kaurin yatsu huɗu ya fi garin katako mai laushi, wanda ƙanana ke ci su shaƙi ƙurarsa. Ɗakin ƙasa mai rufin soro ya fi na kwano riƙe ɗumi da dare, wanda ke da tsohon ɗaki irin wannan a gida ya riga ya yi rabin aiki. Manya a sa musu sanda su hau, su ɗaga daga sanyin siminti. Ruwa kuma kada ya yanke don ana ganin sanyi ake yi, iskar busasshiya ce, suna sha sosai.

Annobar da ke zuwa da iska

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san shekarar da aka wayi gari babu carar zakara a unguwa. Likitocin dabbobi suna kiran cutar Niyukasil, an fara gano ta a 1926 a tsibirin Java da kuma garin Niyukasil na Ingila, a Najeriya kuma an fara tabbatar da ita a wajen Ibadan a 1952. Tana nan duk shekara, amma da hunturu take tashe: ƙwayar tana daɗewa a sanyi, ƙura ta riga ta raunana hanyar numfashin kaji, ga zirga-zirgar kaji kasuwa zuwa kasuwa saboda bukukuwa. Kaza ta yi shiru tana gyangyaɗi, ta saki fukafukai kamar ta yafa mayafi, kashi ya koma kore, numfashi da kakari, wadda ta daɗe kuma wuyanta ya murɗe. A garken da ba a yi wa rigakafi ba tana iya share kusan duka cikin mako biyu. Agwagi kan ɗauke ta ba tare da sun nuna alama ba, shi ya sa haɗa su kwana da kaji ba dabara ba ce.

Ba ta da magani. Ɓawon maɗaci da barkono da gautan kaji da ake jiƙawa, da kafso mai ja da rawaya da ake farkewa a ruwa, babu wanda ke kashe ƙwayar. Wanda ya ce ya ba su sun tashi, waɗanda dama za su tashi ne. Abin da ke aiki rigakafi ne, kuma iri biyu ne a gaban mai kiwon gida. Lasota ta fi samuwa a shagunan magungunan dabbobi, amma sai an riƙe ta cikin ƙanƙara daga shago har gida, a hana kajin ruwa awa ɗaya ko biyu, a haɗa da ruwan rijiya ko wanda ba shi da sinadarin famfo, su shanye cikin awa biyu, abin da ya rage a zubar. I-2, wadda aka samar a jami'ar Queensland ta Ostireliya, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos kuma take yin ta, ta fi jure zafi, don kajin ƙauye aka yi ta. Ɗigo ɗaya ake sa wa kowace kaza a ido, babba da ƙarama, a maimaita duk wata uku zuwa huɗu. Ga kajin Hausa masu yawo ita ta fi, domin ka tabbata kowace ta samu, ba kamar ta ruwa ba da wata za ta sha a kwata ta ƙi naka. Kwalba ɗaya tana isar kaji da yawa, sai maƙwabta su haɗa kuɗi su yi rana ɗaya, da dare in kaji sun shiga akurki. Jiki yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin kariyar ta kama, don haka Oktoba ne lokacinta. Ranar da aka ji kajin maƙwabci sun fara mutuwa an makara, kuma ba a yi wa marar lafiya.

Murar tsuntsaye ita ma wannan ne lokacinta, sa'ad da tsuntsayen Turai ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da Tafkin Chadi. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Afirka, a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, cikin watan kuma ta ɓulla a Magariya ta Nijar, ta sake dawowa Najeriya a 2015 da 2021. Lasota da I-2 ba sa kare ta, kuma tana iya kama mutum. In kaji suka faɗi da yawa dare ɗaya, zankonsu ya kumbura ya yi shuɗi, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa. A binne su da zurfi, a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa.

To, wanne?

Mai gidan siminti a cikin gari, wanda ke fita aiki da safe kuma ba zai iya tashin dare ba, Noila 10 zuwa 15 da aka raina mako biyar su ne nasa. Sun wuce lokacin buƙatar wuta, suna karɓar abin da gida ya rage, in ya yi kuskure ba sa mutuwa rana ɗaya, kafin damina kuma yana da zakarun yanka da masu ƙwai. Matar da ke ƙauye ko gefen gari, mai fili da dusa daga surfe, kajin Hausa biyar da zakara ɗaya daga gidan da ta sani sun fi mata komai, da sharaɗin ɗigon ido a Oktoba da kwandon kife uwa da safe. Masu ƙwai sai wanda ya tabbata kuɗin buhu ba zai yanke masa ba ko na kwana biyu.

Saura mai idon kuɗin Sallah. Wasu za su ce masa ya jira ɗari ya wuce, amma in ya ɗauko a ƙarshen Fabrairu kajin za su yi nauyi ne cikin Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maiduguri ke kai digiri 40, kuma babbar buroila a wannan zafin ta fi ɗan tsako a sanyi saurin faɗuwa. In dai buroila ce, gara Janairun, amma rabin katan, ya raba da wani, ko ya nemi waɗanda aka raina mako biyu zuwa uku. Buhun gawayi da buhunan abinci huɗu su kasance a gida kafin ranar da za su iso, kuma ya san wanda zai saya tun suna mako huɗu, domin duk kwanan da suka ƙara bayan mako bakwai daga ribarsa suke ci.